Ruwan Da Ya Kwana a Tanki

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samari uku suka yi mini sallama a garkata da ke Kangire, kowa da waya a hannu. Babbansu ya ce, "Baba, so muke mu fara harkar kifi. Mun kalli yadda ake yi, wata huɗu ne kawai mutum ya kwashe."

Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe tarwaɗa mai rai. Ya ce ya dai sha cin ta. Na ce wannan ma ilimi ne, amma ba da shi ake farawa ba. Na shimfiɗa musu tabarma na ba su labarin da zan rubuta a nan, don na lura ba su kaɗai ke da wannan tunani ba.

Ni sana'ata ƙyanƙyasa ce. Ina ajiye iyayen tarwaɗa, in fitar da ƙwai, in raini 'ya'yan har su kai tsawon ɗan yatsa, sannan in sayar wa masu kiwo. Mai kiwo in kifinsa ya mutu, sai ya dawo wurina ya sayi wasu. Ni in iyayen suka mutu, babu wurin wanda zan je.

A kudu na koya, can bakin teku, inda ci-rani ya kai ni ina saurayi. Maigidana wani dattijon Bayarabe ne, Baba Lamidi, wanda ya iya Hausa a wurin fataken goro. Ranar da na fara aiki ya miƙo mini buroshi ya nuna mini kwami, wato ramin simintin da ake zuba kifi, ya ce in wanke. Na wanke, ya shafa yatsa a bango ya shinshina, ya ce in sake. Shekara guda cur ina wankin kwami kafin ya yarda na taɓa uwar kifi. Ranar da na taɓa kuwa ƙayarta ta shige mini tafin hannu, na kwana uku ina cin abinci da cokali. Ya duba hannun ya ce, "Yanzu kun gaisa."

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta. Kifi ya ƙi cin abinci, canza ruwa. Kifi ya yi iyo a karkace, canza ruwa. Ka rasa abin da ke damun kifi, canza ruwa, kuma da asuba, kafin rana ta taɓa shi. A ƙasarsu wannan magana gaskiya ce tsantsa. Can ruwa ɗumi gare shi shekara duka. A watan da muke hura wuta a ɗaki a nan, su fanka suke kunnawa. Shekara shida na yi a hannunsa, ban taɓa jin ya ambaci sanyi a maganar kifi ba, ni ma kuma ban taɓa tambaya ba.

Da zan dawo gida bai ba ni kuɗi ba. Jarka ya yanke wa kai, ya zuba mini matasan kifi goma sha biyu daga irin da ya yi shekaru yana zaɓa: ƙaramin kai, dogon jiki, saurin girma. Kwana biyu na yi a bayan tirela rungume da jarkar nan, duk inda aka tsaya salla ni neman ruwa nake fara yi. Goma suka iso Birnin Kudu da rai. Bayan wasu shekaru Baba Lamidi ya tsufa ya bar sana'a, aka cike kwamansa aka gina gidajen haya a wurin. Daga nan irin nasa bai rage a ko'ina ba sai a bayan gidana.

Kayan aikin ba su da wani kwarjini, shi ya sa masu kallo a waya suke raina su. Koma ce ta kamun kifi, da sikeli, da sirinji na yi wa uwa allura, da busasshen kwano wanda ko ɗigon ruwa ba a so a ciki, da gashin kaza na juya ƙwai, da yankin gidan sauro da ake shimfiɗa ƙwan a kai. Sai reza sabuwa. Duka za su shiga buhu ɗaya. Abin da ba ya shiga buhu shi ne sanin uwar da ta nuna. Za ka kwantar da ita a jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe mata ido, ka ɗan latsa cikin da babban yatsa. In ƙwan ya fito ɗaya-ɗaya yana sheƙi, ta yi. In ya fito a cure, mayar da ita ruwa ka ba ta haƙuri.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Akwai wani malamin makaranta a Gwaram da ya sayi 'ya'ya ɗari biyar ya zuba a kwami ɗaya. Bayan wata guda ya zo a kan babur ransa a ɓace, wai maƙwabta na yi masa sata. Na bi shi muka zubar da ruwan, muka tarar da guda arba'in, a cikinsu akwai wasu bakwai da suka yi ɓul-ɓul kamar hakimai. Na ce, "Malam, ga ɓarayinka nan." Tarwaɗa in ba ka ware manya daga ƙanana duk mako ba, ita za ta yi maka warewar da bakinta. Akwai kuma matan da ke bandar kifi, waɗanda ba su taɓa zuwa garkata ba amma sun fi kowa sanin kifina. Su ne ke gaya wa masu kiwo su nemi irin na Kangire, don ba kai ne rabin nauyinsa ba. Da bakinsu na yi suna.

Da sana'a ta ɗan kankama sai na yi abin da nake taƙama da shi. Na sa maƙera a Birnin Kudu suka haɗa mini tankin ƙarfe, aka ɗora shi a kan dogayen ƙafafu, aka sa injin sola a rijiyar gidan. Da rana injin ya ja ruwa ya cika tanki. Da asuba in buɗe famfo in wuce masallaci, kafin in dawo sabon ruwa ya maye tsoho. Na jingine guga, na ce ni da ita sai dai tarihi. Shekara huɗu ana haka lafiya lau, har da lokutan ɗari, don ɗarin da muka saba na kwana biyu ne uku, rana ta fito ta gyara abin da dare ya ɓata.

Sai shekarar babban sanyi ta zo.

Mu nan mutanen zafi ne. Gininmu na gudun zafi ne, suturarmu ma haka. Wannan karon wata iska ce ta taso daga arewa ta ƙi kwantawa, rana kuma sai hantsi take leƙowa, ba ƙarfi, kamar mai jinya. Man gyaɗa ya yi barci a kwalba. Akuyoyi suka riƙa kutsawa cikin madafi suna kwanciya a toka. Sahun asuba a masallacinmu ya koma rabi, masu zuwan ma kowa a naɗe da bargo. Aka ce an wayi gari da wani tsoho a Surko ya cika a rumfarsa, ba ciwon komai. Tsofaffin da suka girme ni sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

A lokacin ina da iyaye talatin da shida, mata ashirin da huɗu, maza goma sha biyu. Ƙanana duk na sayar kafin shigowar ɗari, don ba a ƙyanƙyasa a sanyi. Waɗannan talatin da shida su ne jarina, su ne kuma duk abin da ya rage na Baba Lamidi.

Rana ta biyu suka daina cin abinci. Na watsa, ba wanda ya taso. Suka kwanta a ƙasan kwami suka haɗa kai wuri ɗaya. Na yi abin da aka koya mini, na canza ruwa da asuba. Rana ta uku na tarar da biyu sun juya farin ciki sama. Na ce lalle ruwan ne bai ishe su ba, washegari na zubar da fiye da rabi na cika da sabo. Biyar suka mutu. Fatarsu ta yi fari-fari, gashin bakinsu ya lanƙwashe.

Na kira Baba Lamidi. Muryarsa ta tsufa amma bakin yana nan. Ya ce, "Iro, mu ma sanyin ya iso mu. Masunta sun ƙi shiga teku da safe, ni kaina riga biyu na sa. Jikokina suna ta mamaki."

Na ce, "Baba, nan ba maganar riga biyu ba ce. Kifi ke mutuwa."

Ya ce, "Ɗana, ni ban san sanyi ba. Ka canza ruwa?"

"Kullum ina canzawa."

"To ƙara."

Na ƙara. Ashe garin neman ƙiba nake samo rama. Zuwa rana ta shida saura goma sha huɗu. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon tuwo. Na sa gishiri, na sa maganin da nake da shi, na daina ba su abinci, duk a banza. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma na shinshina ruwan nan na duba shi a kofi, garau yake.

Rana ta bakwai da asuba na fito zan buɗe famfo, sai na tarar da maiɗakina, Asabe, a bakin rijiya tana jan ruwa da tsohuwar gugar da na jingine. Raina a ɓace yake dama, na ce, "Asabe, ga famfo a gabanki, wace wahala ce wannan?"

Ta ce, "Malam, wa zai taɓa ruwan tankinka da asuba? Ai sai yatsun mutum su zube. Kwana shida ke nan da na koma rijiya."

Na ce ruwa ai ruwa ne, daga rijiyar nan aka ja shi.

Ta ce, "An ja shi jiya, ya kwana a sama iska na dukansa. Kai da ake kai wa na alwala da ɗuminsa har ƙofar ɗaki, ina za ka sani? Miƙo hannunka."

Ta zuba mini na guga. Ɗumi gare shi kamar an sauke daga murhu an surka, har wani ɗan tururi yake yi. Na je na buɗe famfo na tara ɗaya hannun. Ban iya ƙirga goma ba na janye, sanyin ya soke ni har gwiwar hannu. Na tsoma hannu a kwami, na ji shi ma da sanyi, amma bai kai na famfo ba, don rabinsa a cikin ƙasa yake. Nan na gane abin da nake yi. Duk dare kifin nan suna lallaɓa ɗan ɗumin da ƙasa ta ba su, duk asuba ni kuma in zo in zubar da shi in sheƙa musu ƙanƙara, in wuce masallaci ina roƙon Allah ya raya su.

Ba wata macen ƙauye da ba ta san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa a lokacin ɗari ba. Ni ma na sani ina yaro. Sai da na je bakin teku na yi shekara shida, na dawo na sayi tanki, sannan na manta. Kunya ta kama ni a gaban matata.

Injin sola ba ya motsi sai da rana, kuma a tanki yake zuba ruwan, don haka guga ce kawai mafita. Na leƙa katanga na kira maƙwabcina Malam Haladu, mai facin taya, ya fito yana tari a cikin bargo. Da ya ji bayani ya ce, "To a dafa ruwa a tukunya mana a juye musu."

Na ce, "Malam Haladu, ceto muke so, ba farfesu ba."

Kifi ba ya son a yi masa sauyi farat ɗaya, ko na alheri ne. Muka kwashe waɗanda suka rage, goma sha ɗaya a safiyar nan, muka mayar da su ƙaramin kwami don ya fi saurin cika. Asabe na ja, ni da Malam Haladu muna ɗauka, muna zubawa a hankali ta jikin bango, guga ɗaya, a dakata, guga ɗaya. Muka rufe saman da zana, muka ɗora leda, muka danne da itace, muka bar 'yar kafa ta iska. Muka jera damin kara ta gefen arewa. Haka muka yi ta yi safe da yamma har kwana biyar. Igiya jiƙaƙƙiya a cikin iskar nan ba abin wasa ba ce. Hannun Asabe ya tsattsage har igiyar ta riƙa yin ja. Na ce ta bari, ta ce ni ba na iya ja da sauri, kafin in fito da guga ɗaya ruwan ya huce. Gaskiya ta faɗa.

Duk da haka huɗu suka ƙara tafiya, waɗanda sanyin ya riga ya ci ƙarfinsu. Ranar da iskar ta kwanta na ɗaga zana na watsa abinci kaɗan, sai na ga baki ɗaya ya taso ya kama, sannan wani. Bakwai suka rayu. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina juya cikinsu don in ga jinsi. Mace, mace, mace. Shida mata. Namiji guda ɗaya.

A nan ne samarin nan suka ce, "Ai shi ke nan, Baba, namiji ɗaya ya isa." Wannan shi ne abin da wayar ba ta tsaya ta nuna musu ba. Macen tarwaɗa ana matse ƙwanta a mayar da ita ruwa, bayan 'yan watanni ta sake yi. Namiji ba ya matsuwa. Farin ruwan da ake zuba wa ƙwai yana cikin wasu 'yan jakunkuna biyu a can cikin cikinsa, kuma ba a kai gare su sai an yanka shi. Kowane namiji sau ɗaya yake haihuwa a hannunmu. Wani lokaci ma ka buɗe ka tarar ba komai, jakunkunan a bushe, musamman wanda ya sha wuya. Ba yadda za ka sani sai reza ta shiga.

Malam Haladu ya ce in je Kano in sayo maza mana, in bar wannan ya huta. Na taɓa gwada namijin kasuwa sau ɗaya, wanda ba a san ubansa ba, 'ya'yan suka fito kai kamar turmi jiki kamar tsinke. Na zaga Gwaram wurin mutanen da na sayar wa 'ya'ya, ko wani na da namijin irina. Wasu sun kwashe nasu an banda tun kafin sanyi, sauran kuma sanyin ya kashe. Na dawo hannu rabbana.

Sai na jira. Wata biyu da rabi ina kiwon namijin nan shi kaɗai a kwaminsa, ina ba shi abinci mafi kyau, har da hanta. Ya saba da ni, in ya ji takuna sai ya taso. Wannan bai sauƙaƙa mini komai ba.

Da bazara ta kama sosai, ruwa ya yi ɗumi da kansa, na duba matan na tarar huɗu sun nuna. Na yi musu allurar da ke sa ƙwai ya saki bayan magariba. Da safe na matse su a busasshen kwano, ƙwai ya taru kore-kore yana sheƙi. Daga wannan lokaci ba ja da baya, don ƙwan da ya fito ba ya jira. Na kamo namijin na kwantar da shi a tsumma. Ya yi nauyi, fatarsa sumul. Sanyin da ya kashe 'yan'uwansa maza goma sha ɗaya bai iya da shi ba, ga shi yanzu a hannuna. Na ji tausayinsa. Asabe na tsaye riƙe da kwanon. Ta ce, "Malam, yi bisimilla, ƙwan na jira."

Na yi bisimilla na yanka. Jakar hagu ta shanye, siririya, ba komai a ciki. Na ɗaga hanjin da yatsa na duba dama. Tana nan, ba babba ba, amma fara. Na goge ta, na tsattsaga bakinta da reza, na matse a kan ƙwan. Ɗigo kaɗan ne suka fito, ga shi kuma ƙwan mata huɗu ne. Na ɗauraye jakar da ruwan gishiri don kada ko kaɗan ya tafi a banza, na juya da gashin kaza, na shimfiɗa ƙwan a kan gidan sauro cikin ruwan da Asabe ta ja da hannunta.

Naman na ce a dafa a kai wa Malam Haladu. Ni ban iya ci ba.

Kwana ɗaya ƙwai ke yi kafin ya ƙyanƙyashe. Wanda ya mutu fari yake komawa, kuma zuwa la'asar na ga farare sun fara yawa, har na bar wurin don kada in yi ta ƙirga. Washegari da na dawo daga masallaci ban nufi garka ba, na zauna a zaure. Asabe ce ta leƙo ta ce in zo in gani, ita ba ta san yadda ake gane su ba.

Na durƙusa na ɗaga gefen gidan sauron a hankali. Kusan rabin ƙwan ya yi fari ya lalace. Amma a ƙasa, a kusurwar da ba haske, akwai wani abu kamar an zubar da garin shayi, kuma yana motsi. Na ƙura ido. Kowace ƙwayar gari da 'yar wutsiyarta, tana kaɗawa.

Asabe ta ce, "Su ne?"

Na ce, "Su ne."

Ta duba tafin hannunta, inda tabon igiya bai gama bajewa ba, ta koma madafi ta ɗora koko.

Daga wannan ƙyanƙyasa na ware maza arba'in, na ƙi sayar da ko ɗaya duk da masu saye sun yi ta naci. Duk tarwaɗar da ke bayan gidan nan yau, da wadda ake bandawa a Gwaram ana cewa irin na Kangire, kakansu guda ne, kuma ni na yanka shi.